Sunan Yanka a Kasuwar Deira

Aikina a Dubai yawo da mutane ne. Haka Inna take faɗa wa maƙwabta a Kano, kuma ba ta yi ƙarya ba. Baƙi 'yan Arewa nake zagawa da su tsofaffin kasuwannin Deira masu rufin katako, daga ta kayan ƙamshi zuwa ta zinari, ina gaba da lema ruwan ɗorawa a ɗage don kada wani ya ɓace. Awa biyu muke yi a ƙafa. In nuna musu inda ake ciniki, in nuna musu inda ake yi wa baƙo wayo.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Baba Mijinyawa, wani dattijo ɗan Fagge da ya fi shekara ashirin yana taka kasuwannin nan. Doka ɗaya ya kafa mini. Ya ce in riƙa kiran baƙina da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, kada in taɓa ɗaga lema in ce kowa ya biyo ni, balle da almuru. Da na tambayi dalili sai ya ce kasuwa ba mu kaɗai muke cinta ba. Na yi dariya a raina. A Dubai fa, garin da jirgin ƙasa ke tafiya ba direba! Amma dai na bi dokar shekara huɗu, don ina ganin girmansa.

Ranar da zan ba ku labari Alhamis ce. Mata bakwai na ɗauko, 'yan kasuwa daga Kano, sai Inna ta takwas. Zuwanta Dubai na farko ke nan, kuma ta dage sai ta ga aikin da ake biyan mutum don ya yi gantali.

Ni ce 'yar farin Inna, kuma sunan surukarta aka sa mini, wato kakata ta wajen uba. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Kowa Ummi yake ce mini. Ita kuwa Inna ko Ummin ba ta faɗa. “Ke” ce ni, in kuma ranta ya yi daɗi in zama “'yar nan”. Shekarata ashirin da tara ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin yana ci mini rai tun ina ƙarama.

Hajiya Sauda, ɗaya daga cikin matan, ita ce ta makarar da mu. Matar nan ta tsaya a kan farashin turaren lubban kamar gadonta ake rabawa, har mai shagon ya ƙarar da 'yar Hausar da ya iya ya koma roƙonta da hannu. Direban motarmu yana ta kirana daga bakin ruwa. Ladan ya fara kiran magariba, masu shaguna suna ta jan ƙyalle suna rufe kaya. Raina ya ɓaci. Akwai wani lungu a bayan masu kayan yaji da ke ɓullewa titi cikin minti biyu, na sha bin sa da rana. Na tsaya a bakinsa na ɗaga lema.

“Yalla, duk wanda ke nan ya biyo ni!”

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Na ce a raina sau ɗaya ai ba komai, muka shiga.

Lungun matsattse ne, mutum biyu ba sa jerawa sai kafaɗa ta gogi kafaɗa. Buhunan kanumfari da citta sun taru dama da hagu har rufi. Muka wuce wani shago mai buhun busasshen lemon tsami a ƙofa, da ludayin katako a soke a ciki. Ina tafe ina zuba musu bayanin da na saba, yadda jiragen ruwa ke sauke kaya a nan tun kafin a yi kwalta.

Minti biyu suka wuce. Biyar suka wuce.

Muka sake wuce buhun lemon tsamin, da ludayinsa.

Na katse bayanin. A nan na lura ladan ma ya yi shiru, kuma bai kai ƙarshen kiran ba. Ba ƙarar mota, ba hayaniyar masu turin kaya. Ƙamshin yaji ya gushe, sai warin jiƙaƙƙen buhu da ruwan gishiri, da wani tsohon turaren wuta da ban taɓa jin irinsa ba. Na duba waya. Ba sabis, agogon kuma ya tsaya.

Na karya hagu, inda na san akwai hanyar masu zannuwa. Ga buhun lemon tsami. Na karya dama. Ga shi nan dai.

Sai takun ƙafa. Mu tara ne, kowa da takalminsa. Amma a bayanmu tafin ƙafa ne zalla ke taka daɓe, ɗaf, ɗaf, da yawa, ba gaggawa.

Na waiga.

A bayan baƙina akwai wasu. Sun cika lungun bango zuwa bango, a jere, har inda hasken ƙwan fitila ya ƙare. Kowa a lulluɓe, wasu da ƙunshi a ka. Dogaye ne ƙwarai. Ba fuskar da nake iya gani, amma na san lemar suke kallo. Na sauke ta, suka tsaya cak. Na ɗaga, suka tako.

Inna ta matso kusa da kunnena.

“Ke, waɗannan ma baƙinki ne?”

Matan sun gani su ma. Wata ta fara salati ƙasa-ƙasa, Hajiya Sauda ta rungume ledar lubbanta. Ni na shigo da su. Uwata ma ni na shigo da ita. Gaba ba ta ƙarewa, baya kuma a toshe.

Maganar Baba Mijinyawa ta faɗo mini. Da suna, ɗaya bayan ɗaya. Na dubi babbar cikin baƙina, wadda duk suke ce wa Hajiya Babba, na kira ta haka.

Murya uku suka amsa daga baya.

Jerin ya matso taku ɗaya.

Na zaro takardar da otal ya ba ni, mai sunayensu kamar yadda suke a fasfo. Sunan yanka. Na karanta na farko.

“Sauda Bashar.”

“Na'am.”

Ita kaɗai ta amsa. Sai ta zuba ido a bangon buhunan da ke gabanmu, ta ce a hankali, “Lah, ga titi nan.” Ni buhu kawai nake gani. Ta taka, ta shige, babu ita.

Na kira Maimuna. Na kira Mahfuza. Duk wadda ta amsa sai ta ga ƙofa ta fice, su kuma na baya su matso su cike gurbinta. Har na fara jin sanyinsu a fuskata. Bakwai suka fita. Takarda ta ƙare.

Saura ni da Inna.

Sunanta ba ya takarda, amma na san shi. Ban taɓa faɗarsa ba, wace 'ya ce za ta yi? Ta gane abin da nake shirin yi. Ta damƙe wuyan hannuna, tana girgiza kai. Na rufe ido.

“Hadijatu.”

Mamaki ne, ina jin, ya sa ta amsa. Hannun da ke riƙe da ni ya saki.

Na buɗe ido ni kaɗai.

Na kira sunan kaina. Sau uku. Bango bai motsa ba. Ashe mutum ba ya kiran kansa ya fita.

Can ta bayan buhunan, kamar daga ƙasan rijiya, na jiyo matan suna kirana. Ummi, Ummi. Kafin in buɗe baki, na bayana suka amsa. Na'am. Na'am. Na'am. Kowanne da muryata.

Rufin katako ya sauko, har ƙarfen lemar yana gogarsa. Buhunan suka matso kafaɗuna.

Wani hannu ya kama sandar lemar, ƙasa da nawa kaɗan. Sanyi ƙalau, a jiƙe, yatsun sun fi ƙima tsawo. Bai fizga ba. Ɗaga ta ya yi sama, a hankali.

“Ci gaba,” in ji raɗa a ƙeyata. “Ke kika gayyace mu.”

Mutum ɗaya ce a waje ta san sunana, kuma shekara ashirin da tara tana kauce masa. Na ce shi ke nan. Wallahi har haushinta na ji, ina tsaye ina kuka.

Ƙafata ta ɗaga da kanta za ta yi gaba.

Sai na ji. Ba da ƙarfi ba. Murya ce mai rawa, tana jan kowane harafi kamar mai ɗaga tulu.

“Murjanatu.”

Na amsa da duk numfashin da ya rage mini. Na saki lemar.

A gefen titi na faɗi, gwiwa a ƙasa, ga ruwa, ga kwale-kwalen abra suna ta kai da kawo. Ladan yana ƙarasa kiran da muka bari a tsakiya. Matan suka rufu a kaina. Inna kuwa tana gefe ta juya baya, ta rufe fuska da mayafi, kamar wadda aka kama tana abin kunya. Har muka isa otal ba ta yarda mun haɗa ido ba, amma ba ta saki gefen rigata ba.

Washegari na je wa Baba Mijinyawa da labarin. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi, ko sunan ya shiga har cikin lungun. Na ce ya shiga, ai shi ya fito da ni. Sai ya ce to su ma sun ji.

Inna ta koma Kano bayan sati biyu. A filin jirgi ta ce, “Ke, ki riƙa cin abinci.” Na koma “ke” ɗina, kuma yanzu ba na jin haushi ko kaɗan.

Ina nan ina aikina, da sabuwar lema shuɗiya, kuma ko baƙo ɗaya na ɗauko da sunansa nake kiransa. Nakan yi ƙoƙari in fita kasuwar kafin la'asar ta yi sanyi. Amma wani lokacin ciniki yakan ja, magariba ta riske ni kusa da bakin lungun nan. In na saci kallo, nakan hango wani abu ruwan ɗorawa can ciki, a ɗage, yana jira. Sai in ji an kira ni, Murjanatu, da muryar Inna sak, har da rawar.

Ba na amsawa. Na san uwata. Sau ɗaya ta faɗa, kuma ba za ta sake ba.