Bakan Gizon Gwaggo

A wani gari, can da daɗewa, an yi wasu magina biyu, wa da ƙane, waɗanda suka daina yi wa juna magana saboda gardamar wanda ya fi iya gini.

Ana nan sai ɗakin gwaggonsu ya rushe, ga damina ta ƙarato. Ta kira su ta ce, "Soro nake so mai bakan gizo, irin rufin nan da ke lanƙwasowa daga bango biyu ya haɗe a tsakiya. Kai kama gabas, kai kuma kama yamma."

Wan ya ɗaura azara, ya shafa laka, bai dubi ƙanen ba. Ƙanen ya ɗaura azara, ya shafa laka, bai dubi wan ba. Kowa da nasa awon.

Ran da za a haɗe rufi, sai ga hannun gabas ya nufi sama, na yamma ya bi ta ƙarƙashinsa, ko gaisawa ba su yi ba.

Gwaggo ta jawo tabarma, ta shimfiɗa daidai ƙarƙashin giɓin, ta miƙe ƙafa. Ta ce, "Madalla, 'ya'yana! Nan zan kwana. Ga hadari can ya taso."

Ƙanen ya dubi lakar da ke reto bisa kan tsohuwa, ya dubi hadari. Sai ya ce, "Yaya, miƙo mini igiyar awonka."

Wan ya miƙa yana gunaguni: "Wai kamu nawa ka sa ne?"

Gwaggo ta naɗe tabarmarta ta ce, "Af! Ashe da bakinku."