Injin Numfashin Marigayi Silvanus

Dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗakin Dije ana gab da kiran magariba, tana durƙushe a bakin murhu tana tuƙa tuwon acca. Ta ɗaga kai ta zagi 'ya'yan maƙwabta, ta ci gaba da tuƙinta. Na biyu ya biyo baya. Na uku bai tsaya a kan kwano ba, tsakar gida ya sauka, dab da ƙafarta. Ta kai hannu ta ɗauka, nan take ta yar. Dutsen a jiƙe yake, ga zafi, kamar yanzu aka tsamo shi daga tukunya.

Kaji suka yi tsit a akurki. Hayaƙin murhu ya miƙe sama sak, babu iskar da ta karkata shi. Daga cikin ɗaki ta ji 'yarta Zamzam tana jan numfashi da wani irin ƙugi.

Kwana uku ke nan da shigowar injin numfashi gidan.

Mijin Dije, Hammadu, direban babbar mota ne, yana jigilar citta daga Kafanchan zuwa Kano. Mutum ne mai ƙiba da gajeren wuya, minsharinsa kuwa har maƙwabta sun san shi. Amma ba minsharin ke hana Dije barci ba, yankewarsa ce. Sai ya yi shiru ɗif, ta tashi zaune tana kallonsa, har sai ta zungure shi ya farka a firgice yana haɗiyar iska. Shekara ashirin suna haka. A daminar alif ɗari tara da casa'in da shida barci ya sace shi a kan sitiyari kusa da Samaru Kataf, mota ta kwanta a rami, Allah ya yi da sauran kwanansa.

Likitan da suka gani a Jos bai damu da bayanin Hammadu ba, Dije ya juya ya tambaya.

"Idan numfashin ya tsaya, ƙirjinsa yana kokawa, ko kuwa kwance yake lum?"

"Wani lokaci kokawa, wani lokaci lum."

Likita ya ce ciwon iri biyu ne. Akwai wanda maƙogwaro ke rufewa, mutum yana neman iska babu hanya. Akwai kuma wanda kai ke manta ya umarci ƙirji. Hammadu ya haɗa biyun, sai injin da ya iya da kowanne, kuma sabo ya fi ƙarfin aljihun irinsu. Ya ƙara da cewa zuciyar da ake shaƙewa kullum ba ta daɗewa.

Mama Hellen ce ta fitar da su, tsohuwar nas a Fadan Kaje, wadda ta karɓi haihuwar Zamzam. Mijinta Silvanus ya yi irin wannan ciwo, ɗansu ya kawo masa inji daga ƙasar waje. Da ya rasu aka kulle ɗakinsa da duk abin da ke ciki, damina biyu, har dangi suka taru aka buɗe. Dije ta sayar da saniyar da ta gada a wurin mahaifinta, ta hau ƙaramar bas ta tafi.

Hellen ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ga inji kamar ƙaramar rediyo, ga dogon tiyo a naɗe, ga marufin hanci. Ta duba takardar likita, ta daidaita maɓallan da ke bayansa, ta ɗiga jan farce a inda kowanne ya tsaya.

"Maman Zamzam, ki duba da kyau. In kin juya nan, iska kawai zai hura, na mai maƙogwaro ke nan. In kin juya can, zai bi numfashin mutum, in mutum ya manta shi zai tura masa. Na maigidanki yana kan ja. Kuma tiyo ɗin nan, in za ki wanke, ruwa mai ɗumi kawai, ba mai zafi ba. Kin ji ni?"

Dije ta ce ta ji. Amma Dije mace ce mai ƙyanƙyami, kuma ba ta taɓa yarda wani ya fi ta sanin wanki ba. A ganinta ruwan ɗumi ba ya fitar da yawun mamaci. Tana isa gida ta tafasa ruwa da kanwa, ta kai tiyon bakin rariya, rana ta riga ta faɗi. Kowace yarinya a garin nan ta san ba a zubar da ruwan zafi a rariya da almuru, in kuma dole ne a yi bisimilla, don masu wurin su kauce. Dije ta sani sarai. Bakinta ne yake cike da faɗa, tana yi wa Zamzam masifar barin wanke-wanke, sai ta antaya tafasasshen ruwa cikin tiyon. Ta ji wani ɗan kuka siriri kamar na jaririyar kyanwa. Ta ce a ranta roba ce ke ƙara.

Hammadu ya yi barcin da bai taɓa yi ba tun yana saurayi. Ya tashi idonsa fes, har yana tsokanarta, wai ashe haka mutane ke kwana shi aka bari a baya. Kwana biyu gidan yana cikin daɗi. A na uku duwatsu suka fara.

Daga ranar, kullum rana ta karkata sai jifa, kullum dutsen da zafi. Zamzam, budurwa 'yar shekara goma sha bakwai wadda ko tari ba ta cika yi ba, ta koma da ta gyangyaɗa sai numfashinta ya tsaya, leɓɓanta su yi baƙi, sai an girgiza ta. Ta daina ci. Wuyanta ya kumbura. Ranar ta biyar ta tashi zaune a kan tabarma, ta kafe uwarta da ido, ta yi magana da muryar tsohuwa.

"Ke mai tukunya. Kin ji daɗin barci?"

Hammadu ya fita tsakar gida yana salati. Da Dije ta same shi ya ce, "Gobe ki mayar da abin nan inda kika ɗauko shi."

"In mayar, kai kuma fa?"

"'Yarki ce a kwance, Dije."

"Na san ko wace ce, ni na haife ta. Kai kuma in na mayar, damina nawa za ka ƙara?"

Ya saka takalmi ya tafi Samaru Kataf kiran Malam Jamaluddeen.

Malam ya iso bayan la'asar, dattijo siriri mai magana a hankali. Ya sa aka ajiye injin a tsakiyar ɗaki, aka zaunar da Zamzam, ya riƙe babban yatsanta ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Hasken taga ya koma ja. Can jikin yarinyar ya sandare, kanta ya faɗi baya, muryar ta fito.

"Ya isa, Malam. Ba gudu na zo yi ba."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Damina biyu muna zaune a ɗakin da aka kulle, ba mu taɓa kowa ba. Ɗana a cikin tiyon nan yake kwana, don akwai duhu da sanyi. Aka ɗauko mu ba sallama, muka yi shiru. Sai waccan ta zuba masa wuta a maƙogwaro. Ko sunan Allah ba ta kira ba, balle in fizge shi."

Dije ta jingina da bango.

"An yi miki laifi," in ji Malam, "amma ba yarinyar ce ta yi ba. Zalunci kike yi."

"Shi ɗana me ya yi?"

Malam ya ƙara riƙe yatsan. "Ki fita, ko in ci gaba da karatu har ki ƙone."

"Ƙona ni. Hannuna yana wuyanta, tare za mu tafi. Ko kuma a ba ni injin. Na ga abin da ya yi wa wancan mai tumbin. A mayar da shi akwati, a kai inda zan faɗa, kada a sake nema."

"Ki ɗauka," in ji Hammadu da sauri. "Wallahi na bar miki."

"Ba ka bar mata ba," in ji Dije. "Ba kai ka saya ba."

Ta taso daga bango ta durƙusa a gaban 'yarta, ta dubi idanun da ba na 'yarta ba. Malam ya ɗaga hannu zai hana ta, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Ni ce na zuba ruwan. Na san doka, na take ta, ban da bakin kare kaina. Amma ki faɗa mini, in kin kai inji daji, wa zai ba ki wuta? Wa zai juya miki shi?"

Dije ta ƙara tambaya.

"Idan numfashin yaron ya tsaya, ƙirjinsa yana kokawa, ko kwance yake lum?"

Da muryar ta dawo, ta yi ƙasa, babu sauran izgili a cikinta.

"Kokawa yake. Kamar tsuntsu a hannu."

"To maƙogwaro ne. Ba irin juyin maigidana zai yi masa ba, wannan iskar ta fi ƙarfin yaro. Yaushe yake barci?"

"Da rana."

"Maigidana kuma da dare. Ki kawo shi da hantsi ɗakin baya, ba mai shiga. Zan kunna, zan rage masa iska. La'asar ta yi, ki ɗauke shi. Amma ki saki 'yata yanzu."

Malam ya gyara zama, ya karɓi zancen daga nan. Ya yanka kwana bakwai. Ya sa aljanar ta rantse da alkawarin da kakanninta suka ɗauka a gaban Annabi Sulaimanu cewa bayan kwana bakwai za ta bar gidan.

"Ko ya warke ko bai warke ba," in ji Malam.

Ta yi ta kewaye-kewaye, ya sake ɗaga murya da karatu, ta ce, "Ko ya warke ko bai warke ba. Yarinya ta kuɓuta. Na rantse."

Zamzam ta yi atishawa sau uku, ta zube a jikin uwarta. Da ta buɗe ido ta ce, "Inna, ƙishirwa nake ji."

Kashegari da hantsi Dije ta share ɗakin baya, ta shimfiɗa sabon zane, ta tayar da ɗan janaretan Hammadu. Ta juya maɓalli daga kan ja, ta rage iska, ta ɗora marufin a kan matashi, ta yi bisimilla da ƙarfi, ta fito ta ja ƙofa. Da farko iska kawai ke fita, fuuu, a banza. Can sautin ya canza. Wani abu yana ja yana saki, gajere-gajere, da sauri-sauri, wani lokaci ya sarƙe ya sake kamawa. Ta zauna a bakin ƙofa. Shekara ashirin tana sauraron numfashin wani, ta san kowane irin tsayawa. Duk sanda ya sarƙe, hannunta yakan miƙe da kansa zai yi zunguri, ya tarar da ƙofa.

Kullum la'asar takan mayar da maɓallan kan ja, ta duba sau uku. Jifa ta tsaya. Zamzam ta koma cin tuwo har da neman ƙari.

Ranar ta huɗu numfashin ya yi tsawo, Dije ta yi murmushi ita kaɗai. Ranar ta shida ya yi rauni, har sai ta manna kunne a ƙofa. Ko sauƙi ne, ko ƙarfi ne ke ƙarewa, ba ta iya rabewa ba. Ranar ta bakwai ta kunna, ta zauna. Iska ta yi ta fita a banza tun hantsi har la'asar. Ba wanda ya ja.

Da almuru dutse ɗaya ya faɗo tsakar gida, a hankali, kamar an ajiye shi. Ta ɗauka. A bushe yake, da sanyi ƙalau.

Hammadu ya kai wa Malam labari, Malam ya ce alama ce ta fushi ya huce, a gode wa Allah. Dije ba ta yi musu ba. Amma ta yi wa mata wankan gawa ba sau ɗaya ba, ta san wani abin da ke yin irin wannan sanyin.

Washegari da hantsi Hammadu ya ji janareta ya tashi. Ya fito ya tarar da ita zaune a bakin ɗakin baya, dutsen yana cinyarta.

"Dije, ai kwana bakwai sun cika."

"Na sani."

"To wa kika kunna wa?"

Ba ta dube shi ba. Ta ƙara matsa kunnenta jikin ƙofa.

"Yi shiru," ta ce. "Kana hana ni ji."