Gidan da Aka Kwashe wa Murya

Ranar da abin ya fara, ba a yi komai na daban ba. Rana ta yi ja, uwar tana kwashe shanya a bayan gida, mijinta yana kwance a ƙasan falo ya tokare bayansa da matashi, 'yarsu kuwa tana ɗaki. Sai kiɗan jita ya tashi a hankali, layi ɗaya yana ta maimaita kansa. Uwar ta leƙo da zannuwa a kafaɗa. Jitar tana jingine a bango, babu hannun kowa a kanta.

Mijin makaɗin jita ne, shekara ashirin da shida yana kiɗa a otal-otal da wuraren taro. Duk shekarun nan da amfilifaya ɗaya, wato na'urar ƙara sautin jita, ya yi aiki, tsohuwa mai nauyin buhun siminti, wadda ya gada a wurin wanda ya koya masa kiɗa. A bayanta akwai kwalaben gilashi huɗu da ke yin ja in an kunna, su ɗau zafi har uwar takan shanya safa a kai. Ɗaukarta ne ya cinye masa baya. Da likita ya hana shi ɗaukar nauyi, sai 'yar, wadda yake kira Injiniya don ba abin da ba ta kwancewa, ta kawo masa wani akwatin zamani da bai fi faranti girma ba, mai ɗan allo da maɓallan takawa da ƙafa. A cikinsa akwai muryoyin amfilifaya fiye da ɗari, da amsa-kuwwa, da maɓallin da ke ɗaukar abin da ka kaɗa ya riƙa maimaitawa.

"Duk ɗarin babu tawa," in ji shi. "Tawa in na matsa mata ta yi gurnani, in na lallaɓa ta ta lallaɓa ni. Wannan jiya da yau fuska ɗaya, kamar ma'aikacin banki."

"Baba, ai yana kwafa. Bari ka gani."

Ta kafa makirufo a gaban tsohuwar amfilifayar, akwatin ya riƙa tura mata wasu ƙararraki marasa daɗi yana sauraron yadda take amsawa. Ana gab da magariba ne. Uwar ta ce su bari sai gobe, ba wanda ya ji ta. Da aka gama, mijin ya kaɗa, ya saurara, ya ce kusan ita ce. Injiniya ta zare kwalaben ta naɗe a jarida don kada su fashe, aka ja tsohuwar aka kai sito ƙarƙashin bene.

Kwana tara ke nan da yin haka.

"Maɓallin maimaitawa ne na taka ban sani ba," in ji mijin daga kwance. Ya miƙa hannu ya zare wayar wuta. Kiɗan ya tsaya. Sai tsakuwa ta fara sauka a kan rufi, ɗai-ɗai, ba gaggawa, kamar mai jifan ba shi da sauran ƙarfi.

Da uwar ta shiga ɗaki, ta tarar da 'yarta a tsugune ta rungume dutsen guga. Jikinta sanyi ƙalau.

Haka aka shiga mako uku. Da rana yarinyar lafiya lau, sai dai shiru. Rana na sunkuyawa sai ta fara neman ɗumi: bayan firji, butar shayi, murhun gas. Uwar ta ɓoye ashana, ta kulle kicin, ta daina barin ta ita kaɗai ko banɗaki. An je asibiti sau biyu, an ɗebi jini, an ce ba komai. Mijin kuwa dole ya je aiki, kuma uwar ta lura duk yammacin da yake can yana taka akwatin nan, a nan gida 'yar takan juya kai tana saurare, ta nufi ƙofa ba takalmi. Ranar da ta ɗora tafin hannunta a kan tukunya har fata ta tashi, ba ta ko yi ƙara ba, uwar ta ɗauki mayafi ta je ta kira malam.

Dattijo ne mai ciwon gwiwa. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a kujerar roba, ya yi ta karatu har inuwa ta cika falon. Can yarinyar ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a gajiye.

"Ya isa, malam. Ni ma ba daɗi nake ji ba."

"Wace ce ke, me ya kawo ki jikin 'yar mutane?"

"Tun kafin a haife ta nake bayan kwalaben nan. Ban taɓa kowa ba. In an kunna in ji ɗumi, in an kashe in yi barci. Suka kwashe muryar gidana suka zuba a faranti. Na bi muryar, na tarar ba ɗaki, ba ɗumi, ko ƙura babu. In an taɓa tsirkiya ma sai muryar ta ɗan makara kafin ta iso."

"Wallahi na faɗa akwai ɗan jinkiri," in ji mijin ƙasa-ƙasa. Uwar ta dube shi, ya haɗiye sauran.

"Duk sanda ya taka, gidana ke kirana, in je in tarar ba kowa. Ita ta rufe ni a waje, ita ce kuma mai ɗumi a kusa."

"Me zai fitar da ke?"

"A mayar da kwalabena. Ta riƙa kunna mini kowace yamma da hannunta, har ta tsufa."

"Ba za a yi miki hidima a gidan nan ba," in ji malam, ya ci gaba da karatu. Yarinyar ta fara rawar sanyi har haƙoranta suna haɗuwa.

"Zan koma ɗaukar amfilifayar, malam," in ji mijin.

"Da wane bayan, Baban Injiniya? In yi jinyar mutum biyu?"

Malam ya dakata. Ya ce a mayar da kwalaben a kunna sau ɗaya mai maganar ta koma ciki, gobe a kai amfilifayar can kan duwatsu inda ba kowa, rana ma tana ɗumama ƙarfe. Sai muryar tsohuwar ta sake fitowa daga bakin yarinyar.

"To a kashe muryar da ke cikin farantin. In ba haka ba ko daga ina zan dawo."

Mijin ya duƙa a kan akwatin. Ba tsohuwar amfilifayar, ba kwafinta, gobe zai kaɗa da muryar da kowane yaro ke da ita. Ya danna nan, ya danna can, allon yana ta nuna abin da bai gane ba. Mai sanin yadda ake gogewa ita ce ke zaune tana karkarwa.

Uwar ce ta tuna. Injiniya ta taɓa gargaɗinta in tana shara kada ta kuskura ta danne maɓallan gefe biyu ana kunna wuta, komai zai tafi. Ta durƙusa ta danne su da manyan yatsunta.

"Kunna."

"Har da sauran muryoyin fa za su tafi, wata uku tana saita su," in ji mijin.

"Kunna, don Allah. Na gaji."

Ya kunna. Allon ya yi fari, ya dawo kamar ranar da aka sayo shi. Suka jawo tsohuwar amfilifayar daga sito, ya mayar da kwalaben, suka yi ja a hankali. Ƙamshin ƙura mai ɗumi ya cika falon. Yarinyar ta yi doguwar ajiyar zuciya, ta kife a cinyar uwarta. Malam ya kai hannu ya kashe.

Uwar ta ji gumi yana tsattsafowa a wuyan 'yarta. Ba ta motsa ba, tana tsoron ta motsa. Can yarinyar ta buɗe ido, ta ture bargon da aka lulluɓa mata, ta dubi bandejin hannunta, ta dubi baƙon dattijo, sannan idonta ya sauka a kan allon akwatin. Ta yamutsa fuska.

"Mama, wa ya taɓa mini saiti?"

"Ni ce," in ji uwar. Ta jingina kanta da bango, ta bar ta tana ta faɗa.