Farar Fumfuna a Tukwanen Gligor

Sai da suka baro bakin magudanar ruwan, motar asibiti ta wuce da gawar, sannan Sufeto Trayan Arsov ya furta abin da ya shekara uku yana ɓoyewa. Ya gaya wa Saja Bilyana, wadda ke tuƙi, cewa mamacin, Gligor, amininsa ne tun suna aikin soja. Ya san yana shuka wiwi a ɗakin ƙarƙashin gidansa, yana haɗa man da ke rage wa matarsa Slavka raɗaɗin ciwon da ya kwantar da ita har ya ɗauke mata magana. Tun ranar da ya gani da idonsa bai sake taka gidan ba. Bai rubuta rahoto ba, bai kuma hau bene ya gaida Slavka ba. Ya ga ya fi masa sauƙi ya zama mutumin da bai san kome ba.

Bilyana ba ta ɗauke ido daga titi ba. Ta ce, "To, Yallaɓai, yau kam sai ka sani."

Likita ya ce akwai rauni a ƙeyar mamacin wanda bai yi kama da na faɗuwa ba. Amma ruwan magudanar daga dutse yake gangarowa, sanyinsa ya hana a gane ranar mutuwar: daga kwana biyu zuwa goma. Arsov ya san in ya buɗe ɗakin ƙasan, maganin Slavka ya ƙare, nasa asirin kuma ya tonu, saura shekara ɗaya ya yi ritaya. In bai buɗe ba, ba shi da inda zai fara.

Ƙauyen su Gligor gaba ɗaya ƙamshin gasasshen tattasai yake yi, don lokacinsa ne, kowane gida da murhu a tsakar gida. Gidan Gligor ne kawai babu hayaƙi. 'Yarsa Lenche ta buɗe musu, mace mai shekara kusan arba'in, idonta ya kumbura.

"Baffa, ashe ba ka manta hanya ba," in ji ta.

Arsov ya shiga ciki. Ya tambaye ta yaushe ta yi wa mahaifinta ganin ƙarshe. Ta ce shekaranjiya da safe. Ya sha kofi ya fita, bai faɗi inda za shi ba. Kafin ta faɗi ranar sai da ta waiga ta dubi mutumin da ke zaune kusa da murhu.

Pande ke nan, ƙanin Slavka, manomin tattasai. Ya naɗe wuyansa da mayafin ulu, gefen bakinsa na hagu ya ɗan karkace. Shekara ashirin yana ba da labarin yadda iskar tagar bas ta yi masa haka. Ya miƙe da sauri ya rufe ƙofar da Bilyana ta bari a buɗe.

"'Yata, ga ƙofa ga taga, iska tana ratsa mu. So kike a fitar da gawa ta biyu daga gidan nan?"

"A watan Satumba, Kawu? Ni gumi nake yi," in ji Bilyana.

"Kakarki ce ba ta tarbiyyantar da ke ba."

Ya ce kwana uku yana kasuwar birnin Skopye da buhunan tattasai, jiya da yamma ya dawo, kuma duk masu rumfa shaidu ne. Da aka ambaci ɗakin ƙasa sai ya ɗaga kafaɗa. Ya ce bai taɓa sauka ba, gwiwarsa ba ta son matakala. Kwalaben miya ne kawai a ciki, kamar na kowa.

A daidai lokacin aka ƙwanƙwasa ƙasan bene da sanda, sau uku, a hankali. Lenche ta ce mahaifiyarta ce, ta ji baƙuwar murya. Arsov ya dubi matakalar da ke hawa sama, ya daɗe yana dubanta. Daga nan ya juya ga wadda ke sauka ƙasa, ya ce a ba shi makulli.

Bayan kantar kwalabe akwai wata 'yar ƙofa. Da ya tura ta, zafi mai nauyi ya tare shi, da warin ƙasar da ta daɗe a jiƙe. Fitilu suna ci. Tukwane takwas ne jere, ganyen ya langwaɓe, ya fara rawaya. A saman ƙasar kowace tukunya wata farar fumfuna ta shimfiɗu kamar an yagi auduga an barbaza, har ta fara hawa gindin shukar.

Bilyana ta toshe hanci ta tambaya ko guba aka zuba.

Ya ce a'a. Ya tsuguna, ya maimaita mata abin da Gligor ya faɗa masa a wannan wurin shekara uku baya, yana alfahari kamar mai nuna jikansa. Da ruɓaɓɓen ganye da kashin tumaki ya haɗa ƙasar, ƙasa ce mai rai, fumfunar a cikinta take kullum. Ba ta fitowa fili sai ruwa ya yi yawa, iska kuma ta tsaya. Shi ya sa Gligor ba ya zuba ruwa sai ya ɗaga tukunya ya ji ta yi shafal, fankarsa kuwa ba ta hutawa.

Arsov ya ɗaga tukunya ɗaya. Ta yi nauyi kamar dutse, ruwa ya tsiyayo masa a takalmi. Ya ɗaga kai. Fankar tana tsaye. Ramin da iska ke fita an cusa masa buhu an toshe shi tam.

"Wannan ba aikin kwana biyu ba ne," in ji shi. "Gligor ya fi mako bai sauko nan ba. Wani ne yake shigowa kullum da safe, yana malala ruwa kamar a gonar tattasai."

Aka kira Lenche. Da ta ga tukwanen sai ta zauna a kan matakala. Ba a daɗe ana tambayarta ba ta yarda cewa yau kwana tara rabonta da mahaifinta. An ce mata ya tsallaka Bulgeriya neman fitila, kuma in ta kai ƙara 'yan sanda za su kwashe maganin. Wa ya ce mata? Ta dai nace cewa ita ce ke zuba ruwan, ita ta kashe fankar.

"To kunna mana ita," in ji Arsov.

Ta tashi ta shafa bango kusa da ƙofa. Ta shafa ɗaya gefen. Ta bi wayar da ido har inda ta ɓace a bayan tarkace, sannan ta sauke hannunta.

"Baffa, kada ka yi mini haka. Kawu kaɗai ke taya ni ɗaga mahaifiyata. Ranar Lahadi da yake zama da ita, ita ce ranar da nake ganin titi. In ka ɗauke shi, wa nake da shi?"

Arsov ma yana cikin waɗanda ba ta da su. Ya aika Bilyana ta zo da Pande. Kafin su sauko ya zare buhun daga ramin, ya zura hannu bayan wata tsohuwar gangar giya, inda Gligor ya ɓoye makunnin, ya danna. Fankar ta tashi. Iska ta shigo ta ƙofa, ta ratsa ɗakin, ta fita ta ramin.

Pande ya sauko yana dafa gwiwa. Ya dubi shukar ya nuna mamaki, ya ce ashe abin da marigayin yake yi ke nan. Arsov ya tsayar da shi a tsakiyar ɗakin, ya shiga yi masa tambayoyi marasa amfani a tsanake: sunan direban da ya kai shi Skopye, inda ya kwana, abin da ya ci. Iskar tana kaɗa bakin mayafin. Pande ya ja shi ya rufe kunne. Ya matsa gefe, Bilyana ta tare wurin. Ya ɗaga kafaɗa ya kare wuyansa, yana amsawa a gajarce. Sufeto ya sake tambayar sunan direban.

"Na gaya maka, Dragi ne, Dragi," in ji Pande, ya sunkuya, ya zura hannu bayan gangar ba tare da ya duba ba. Fankar ta mutu.

Hannun nasa yana can bayan gangar, ya kasa fito da shi.

"Ni ma sai da aka nuna mini," in ji Arsov.

Pande ya zauna a kan gangar. Ya ce ranar Talatar makon jiya Gligor ya same shi a gona, bakin magudanar, ya gaya masa ya sama wa Slavka gado a gidan kula da marasa lafiya na gwamnati. Gligor ya ce ƙarfinsa ya ƙare, kuma ba zai mutu ya bar Lenche a kulle a gidan nan ba. Slavka kuwa ita ta goyi Pande bayan rasuwar uwarsu, ba zai yarda a kai ta can ba. Shebur yana hannunsa. Sau ɗaya ya buga.

Lenche ta dafa bango. Ba ta dubi kawunta ba. Ta ce, "Don ni ya yi?"

Pande ya ci gaba kamar bai ji ba. Ya ce kullum da safe yake saukowa don kada maganin yayarsa ya bushe, kafin ya tafi kasuwa kuma ya cika tukwanen har baki. Ya dubi farar fumfunar. "Ni na zaci kula da su nake yi. Da wannan iskar a kansu, ai kowane mai rai sai ya kwanta."

Bilyana ta sa masa ankwa. A bakin mota ya roƙe ta ta rufe gilashin baya, ta rufe.

Arsov ya ce mata ta rubuta kome: tukwane takwas, fitilu, kwalaben mai, da sunansa shi kansa, da ranar da ya fara ganinsu. Ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ta rubuta. Ya buga wa likita waya ya roƙe shi ya biyo kafin yamma da abin da zai rage wa mara lafiya ciwo, don na gidan za a tafi da shi.

Sandar ta sake bugawa a sama. Ya cire hularsa, ya hau. Matakala goma sha huɗu ce.

Ɗakin ya yi zafi, an tusa tsumma a kowace kafar taga. Slavka ta rame har bargo ya fi ta girma. Ta gane shi. Ta dube shi tsawon lokaci, babu fushi a idonta, abin da ya fi masa ciwo ke nan. Sannan ta juya idon zuwa taga, ta sake dubansa.

Ya zare tsumman ɗaya bayan ɗaya, ya tura tagar. Ƙamshin tattasan maƙwabta ya shigo, gashinta ya ɗan motsa a goshi. Ya jawo kujerar Gligor ya zauna, ya riƙe hannunta.

"Slavka, ni ne Trayan. Na makara. Akwai abin da zan gaya miki, kuma ba zan tashi ba sai kin ce in tafi."