Sunan Jikan Fari

A bikin ranar sunan gwaggonsa, wato ranar waliyyin da ta ci sunansa, wadda Girkawa ke yi duk shekara, Fanis ya fara ganin Argiro. Ta shigo da kwalin kayan zaƙi, ta ce wa tsohuwar, "Allah ya ƙaro shekaru masu yawa," sai ta juyo suka haɗa ido. Duk garin Plomari an san Fanis da surutu a wurin matsar man zaitun, amma ranar ko gaisuwa da ƙyar ta fito.

Kafin kaka ta zagayo, soyayya ta yi nisa. Sai mahaifinta Lefteris, kafintan jiragen kamun kifi, ya kafe. Ita kaɗai ya haifa, kuma kowa ya san ɗan fari sunan kakansa na wajen uba yake ci.

"Yaron ba shi da laifi," in ji shi, "amma jikana sunan uban yaron nan zai ci, Pandelis za a kira shi. Ni fa? In mutu sunana ya bi ni kabari?"

Ga kuma wani mai kemis yana zarya, wanda aka yi dace sunan ubansa ma Lefteris. Tsoho bai damu da sanƙonsa ba, shi dai ya ga suruki.

Fanis ya rasa inda zai sa kansa. Yana goye mahaifinsa Pandelis ya rasu, mahaifiyarsa Stamatia kuma ba ta sake aure ba. Kullum zancenta ɗaya ne: "Ranar da na sake ƙwala kiran Pandelis a tsakar gidan nan, har ciwon gwiwa sai ya sake ni."

Ya daina bi ta layin su Argiro, ga kewa tana cin sa. Saƙonta ya shigo:

"Hasken idona, ka yi shiru. Ko ka haƙura da ni ne?"

Ya mayar mata: "'Yar kurciyata, kewarki ta hana ni sakat. Amma da wane baki zan ce wa Mama ta sake binne Baba?"

Uwa dai uwa ce. Stamatia ta ga abinci yana komawa kicin yadda ya fito, ta gane abin da ke damun ɗanta. Ranar sunan Lefteris, lokacin da ƙofa take buɗe, ba a gayyata kuma ba a kora, ta ɗaura baƙin ɗankwalinta.

"Tashi ka raka ni, sarkin zurfin ciki."

Falon cike yake da baƙi. Argiro na riƙe da tire. Stamatia ta tsaya gaban mai gida.

"Shekaru masu yawa, Lefteris. Ban zo da kek ba, na zo maka da suna. In Allah ya ba su namiji, naka ne." Ta dubi Fanis. "Na rasa uban, ba zan zauna ina kallon ɗan yana ƙarewa ba."

Fanis ya ji kamar ya durƙusa ya riƙe ƙafafunta, don ya san abin da ta ajiye.

Lefteris ya dubi mutanen da suka cika masa gida.

"Kin kunyata ni a gidana, Stamatia," ya ce a hankali. "Ni tun safe ake kiran sunana, har kunne ya gaji. Na Pandelis ne aka daina kira. A fara da shi. Amma kai, ango, na biyun nawa ne, kuma kada ku yi mini nawa!"

Bayan Ista aka ɗaura auren. Fadan coci ya ɗora musu kambin aure, jama'a suka yi ta watsa shinkafa suna cewa Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya. A bakin cocin Stamatia ta rungume amarya, ta raɗa mata a kunne, "'Yata, ko mace ce ina so. Ku dai ku cika mini gidan da hayaniya."