Kilo Hamsin da Biyu

Batir kawai na je canzawa. Aikin minti goma ne, in shiga in fita kafin a kira magariba. Ranar tun safe raina a ɓace yake, don Yaya ya kira ni a wurin aiki yana yi mini faɗa kamar ya samu 'yar aikinsa, wai na'urar da na maƙala wa gadon Inna ta dame shi da saƙon batir ya kusa mutuwa, in zo in san yadda zan yi da tarkacena. Mutumin da layi biyu ne tsakanin gidansa da na mahaifiyarsa, amma sai ya yi sati uku bai leƙa ta ba. Ni da nake can ƙarshen gari, ni ce marar aikin yi.

Sana'ata ke nan, rubuta wa ƙananan na'urori manhaja. 'Yan allunan nan da ba su fi akwatin ashana ba, waɗanda ake ɓoyewa cikin mitar ruwa da firij da makullin ƙofa, su riƙa aika rahoto ta intanet. Bara Inna ta zame a banɗaki, ta wuni a ƙasa kafin matar da ke yi mata girki ta tarar da ita. Na yi, na yi ta dawo wurina, ta ce ba inda za ta, a ɗakin nan ta haife mu. Sai na yi abin da na iya. Na sa ƙananan sikeli huɗu, ɗaya a ƙarƙashin kowace ƙafar gado, na haɗa su da allo ɗaya da na ɗaure a jikin katakon ƙasa. In ta tashi ta daɗe ba ta dawo ba, wayata da ta Yaya su yi ƙara. Kullum kuma ya aiko mana nauyinta. Kilo hamsin da biyu.

Wata huɗu da suka wuce abin ya fara iskanci. Da rana sai lambar ta sauka kaɗan, da magariba ta koma daidai. Duk sauka da hawa sai waya ta yi ƙara, Yaya ya kira ya zazzage mini. Duk mai irin sana'armu ya san ƙarfe yana miƙewa da zafin rana ya koma da sanyin yamma, awo ya ɗan yi ƙarya. Ban ko tashi daga kujerata ba. Layi uku na rubuta, na ce wa na'urar ta zubar da awon rana, ta riƙa aiko na magariba kaɗai. Na tura gyaran ta intanet, na ci gaba da shan shayina. Tun daga ranar waya ta yi shiru, kullum hamsin da biyu cif.

A lokacin ne kuma Inna ta fara cewa wani yana zuwa ya zauna mata a ƙafar gado. Ta gaya wa Yaya, ya ce tsufa ne. Ta gaya mini ta waya, na ce ta riƙa addu'a, ina cikin taro. Mai girki ma ta taɓa ce mini Inna tana ramewa, na yi mata tsawa, na ce ni da nake da lamba a hannu za ta gaya wa?

Na isa layin rana ta yi ja. Yara sun watse, shagon mai gyaran takalmi a rufe. Na danna wayata, makullin ƙofar ya yi ƙugi ya buɗe. Shi ma ni na haɗa shi, da kansa yake sake kullewa.

Falon yana warin man zafi da tsohon labule. Agogon bango yana tafiya. Kwanon abincinta na kan tebur a rufe, na ɗaga murfin, ko cokali ba a sa ba. Raina ya ƙara ɓaci.

Tana kwance ta lulluɓa har wuya da bargo, fuskarta kaɗai a waje. Na gaishe ta a tsaye, ina zuge jaka. Ta ce Auta ce yau a gidan, ashe ina gane hanya. Na ce batir na zo canzawa, sauri nake. Ta dubi taga, ta dube ni.

"To yi ki tafi," in ji ta a hankali. "Lokacinsa ya kusa."

Na ce don Allah Inna ta bar maganar nan, kaina ciwo yake. Na kwanta rigingine na ja jikina ƙarƙashin gado, tocilan a baki, kwamfuta a gefen kunnena. Ƙura, yanar gizo-gizo, takalminta ƙafa ɗaya. Na cire tsohon batir na sa sabo. Ƙa'idar aiki ce, in ka canza batir ka jona waya ka ga ko komai na tafiya. Kuma in ka jona kai tsaye, ɗanyen awo kake gani, wanda bai bi ta rariyar layukan nan uku da na rubuta ba.

Talatin da uku.

Na tsine wa sikelin. Na zare wayar na sake jonawa. Talatin da uku. Na ɗaga kai na dubi katifar ta tsakanin katako, ko lotsawa ba ta yi ba. Mutum guda na kwance a kanta, amma kamar an ajiye tulin wanki.

Na buɗe rikodin da allon ke ajiyewa a cikinsa, wanda na hana shi aikowa. Awon rana, layi bayan layi. Hamsin da ɗaya. Arba'in da takwas. Arba'in. Talatin da shida. Wata huɗu mahaifiyata tana narkewa, na'urar tana rubutawa kullum, ni kuwa na toshe mata baki da hannuna. Wallahi a lokacin ba tsoro na ji ba, haushi ne ya cika mini ƙirji. Haushin Yaya, haushin mai girki da ba ta nace ba, haushin kaina ya fi duka.

Sai tambayar ta zo mini. In da rana talatin da uku ce, wa ke cika sauran da magariba?

Daga nesa aka fara kiran salla.

Agogon falo ya tsaya. Ban san ina jin sa ba sai da ya yi shiru.

Wani wari ya shigo, kamar na rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba. Danshi da ruɓaɓɓen ganye. Sanyi ya bi siminti ya shiga bayana.

Lambar ta motsa. Talatin da huɗu.

Sikeli huɗu ne, kowanne da layinsa. Uku ba su motsa ba. Na ƙafar hagu, wajen ƙafafun Inna, shi kaɗai ke hawa.

Talatin da takwas. Arba'in da ɗaya.

Katakon da ke saitin gwiwata ya yi ƙara, ƙiii, ya lanƙwaso a hankali. Ƙura ta zubo mini a riga.

"Auta," Inna ta yi raɗa daga sama. "Kar ki motsa. Ba ya son a kalle shi."

Na karkata ido wajen bakin gado, inda ƙafafun mai zama ya kamata su sauko. Ba komai. Siminti da hasken taga.

Arba'in da tara. Hamsin da biyu.

Ta tsaya cak. Fitilar allon ta yi kore, alamar ya aika rahoton yau. A aljihuna waya ta yi ɗan motsi. Na san abin da ta rubuta, ni na tsara kalmomin: Inna tana kwance lafiya.

Numfashi biyu nake ji a samana. Ɗaya nata, gajere, da ƙyar. Ɗaya dogo, mai jiƙa, kamar ana zuƙar ruwa ta tsinken roba. Duk zuƙa ɗaya sai Inna ta yi ɗan nishi.

Ina iya kwanciya a nan har ya gama. Ita ma abin da ta ce ke nan. Amma wannan nishin ne ya tsinke mini wani abu a kai. A gabana? Ina kwance kamar gawa ana shan uwata?

Na fito da bismilla a bakina, kaina ya bugi ƙarfen gado ban ji ba. Na fizge bargon.

Allah sarki Inna. Ƙasusuwa ne cikin riga. A gefen ƙafarta katifa ta lotsa, rami zagayayye kamar an ajiye tulu. A idon sawunta na hagu fata ta shige ciki wuri huɗu, jere, ana matsawa ana saki.

"Sake ta, la'ananne," na ce.

Na zura hannu na ɗauke ta. Ba nauyi. Amma ƙafar ba ta biyo ba, ta miƙe tsam kamar an ɗaure ta da igiya. Inna ta yi ƙara. Na kai hannun dama na kama idon sawun, ina karanta duk abin da ya zo bakina, ina haɗawa da zagi.

Ya sake ta.

Ya kama ni.

Sanyi ya zagaye mini wuyan hannu, irin na ƙarfen cikin firij. Na ji ana jan wani abu daga cikina, daga can ƙasan cibiya, yana bi ta hannun yana fita. Kwamfutar tana ƙasa, fuskarta na kallona. Inna tana kafaɗata, ba kowa a gadon.

Sha tara, nauyinsa shi kaɗai. Ashirin. Ashirin da ɗaya.

Na taka ƙarfen gadon da ƙafa, na ja da duk abin da ya rage mini. Wani abu ya yi ƙas a hannuna. Muka zube a bakin ƙofa ni da ita.

Ashirin da biyu.

Sai lambar ta fara sauka.

Sha biyar. Bakwai. Sifili.

Katifar ta cike ramin a hankali. A kan siminti na ji ɗas, kamar an jefar da jiƙaƙƙen tsumma. Sai wani ɗas ɗin, ya fi kusa.

Na saɓa ta a baya na ruga. Falo. Tebur ya buge ni, kwano ya tarwatse. Na kai ƙofa na danna maɓalli.

Makullin nan daƙiƙa uku yake yi kafin ya farka. Ni na rubuta masa haka, don batir ya daɗe.

Ɗas.

Warin ya iso.

Ɗas.

Gefen zanen Inna ya ɗaga da kansa.

Ƙugi. Ƙofa ta buɗe, muka faɗa titi. Fitilun layi sun kama, wani mai babur ya taka burki yana salati. Na waiwaya. Ƙofar a buɗe, falon duhu, labule yana lilo. Bai fito ba.

Kwana goma sha ɗaya Inna ta yi a asibiti. Likita ya auna duk abin da ake aunawa, ya ce bai ga ciwo ba sai yunwa da rashin kula, ya kalle ni kallon da har gobe ban manta ba. Yaya ya zo yana huci, wai na'urata ce ta yaudare su. Na ce masa na'ura ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya, ni na hana ta magana, shi kuma ƙafafunsa lafiya lau suke. Muka yi ta cacar baki a barandar asibiti har ma'aikaciyar jinya ta kore mu. Tun daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Wuyan hannuna ya tsage, an ɗaure ya warke, amma har yau wurin sanyi ne ko da tsakar rana. Kilo ukun da ya zuƙe mini kuma ba su dawo ba, duk abin da zan ci. Gidan yana kulle. Na'urar tana nan a ƙarƙashin gado da sabon batir, na goge layukan nan uku. Da rana sifili take aikowa. Da magariba ashirin da biyu.

Inna tana wurina yanzu, ta fara cikowa. Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa, haushin ya sake taso mini, na tambaye ta me ya hana ta barin ɗakin, me ya sa ba ta yi mana ihu ba har sai mun ji.

"Na gaya muku, kuka ce tsufa ne," in ji ta. "Kuma shi, Auta, bai taɓa fashin zuwa ba."

Na ci gaba da shafa mata man.

Yanzu ƙarfe biyar nake rufe kwamfuta, ko me manaja zai ce. Kafin a kira magariba ina zaune a ƙafar gadonta, ɓangaren hagu, ƙafafunta a cinyata. Wayar takan motsa a aljihuna, ba na dubawa. Inna takan ce na cika nauyi, ina lotsa mata katifa, in matsa. Ba na matsawa.