Rajistar Waɗanda Aka Shiga Daji da Su

Kwana biyu Philemon ya yi a wani ƙaramin asibiti kusa da Randagi yana fama da 'yar na'ura mai allo, wadda aka zuba wa sunayen mutanen da aka shiga daji da su. Allon na kawowa, amma na'urar ta ƙi gane kibod da linzamin kwamfuta, don bai gama rubuta manhajar da za ta haɗa su ba.

Bayan isha'i wata dattijuwa ta yi sallama. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin, alhali tsakiyar rani ake.

"Ɗana, gyara mini sunana, Kadijatu Hammadu. Kullum 'ya'yana suna daji nemana, za a kashe mini su."

"Barka da dawowa, Inna. Sai dai na'urar ba ta aiki tukuna."

Ta ɗora hannu kan linzamin, wanda wayarsa ke reto gefen tebur ba a jona ba, sai kibiyar allon ta motsa. Philemon yana kallo ta ja sunanta a hankali, ta tsallake layin waɗanda suka dawo, ta ajiye shi cikin mamata.